An ce in daina zuwa duba ƙanina a gidan kula don wai ina tayar masa da hankali

"Assalamu alaikum. Ina da ƙani ɗan shekara 34, tun yana yaro yake da lalurar jinkirin fahimta, yana magana amma kaɗan-kaɗan. Mahaifiyarmu ce ke riƙe da shi, da ta rasu bara muka rasa yadda za mu yi, dole muka kai shi gidan da ake kula da irinsu. Matsalar ita ce duk ranar da na je duba shi, ina juya baya sai ya yi ta kuka yana dukan ƙofa, wani lokacin har ya ciji hannunsa. Yanzu ma'aikatan sun ce in dakata da zuwa na wata biyu ko uku har ya saba da wurin, wai kar in damu ai ana fita da su yawo a mota duk sati. Dan Allah in bi shawararsu? Kuma wannan fitar ta wadatar?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya jiƙan Mama Ya sa ta huta, ku kuma Ya ba ku ladan ɗawainiya. In na fahimce ki tambaya biyu kika haɗa wuri ɗaya, ta farko ko kukan da yake yi bayan tafiyarki yana nufin zuwanki cutar da shi yake yi, ta biyu kuma ko yawon mota zai maye masa hulɗa da mutane. Amsata ga duka biyun a'a ce. Amma kar ki ɗauka ma'aikatan mugaye ne, na daɗe ina aiki a irin waɗannan gidajen kuma na san inda shawarar take fitowa, mutum ne shi kaɗai a kan aikin dare da mutum shida ko takwas a hannunsa, ɗaya yana dukan ƙofa sauran sun firgita, toh duk abin da zai kawo masa sauƙin daren shi zai kira maslaha.

Asalin maganar "a bari ya saba"

Wannan ba sabuwar magana ba ce ko kaɗan. Har cikin shekarun 1950 haka ake yi wa iyaye a asibitocin Ingila, in an kwantar da ɗanki sai a yanka miki ɗan lokaci ƙalilan na ziyara, wasu wuraren sau ɗaya a sati, hujjar kuwa ita ce dai wadda aka ba ki yau, wai zuwan uwa yana ruɗa yaro. James Robertson da John Bowlby, wasu masu bincike a Birtaniya, su suka bibiyi irin yaran nan suka lura abin hawa uku ne. Da farko yaro yana bore da kuka, daga nan sai ya yanke ƙauna ya yi tsit ya koma gefe, daga ƙarshe sai ya daina nuna ya damu da kowa, uwar ma in ta zo ya kau da kai. Ma'aikatan jinya in suka ga hawa na biyu sai su ce alhamdulillah ya saba, alhali ba sabo ba ne, haƙura ya yi da tsammani. Sai a 1959 rahoton kwamitin Platt da gwamnatin Birtaniya ta kafa ya ba da shawarar a bar iyaye su riƙa shiga wurin 'ya'yansu ba takura.

Kar ki ji na kawo misalin yara ki ce ina ɗaukar ƙaninki yaro, babban mutum ne kuma haka ya kamata kowa ya ɗauke shi. Abin da nake so ki riƙe shi ne shiru ba shi ne lafiya ba. Kina daina zuwa wata uku, mai yiwuwa ne dukan ƙofar ya tsaya, a rubuta a fayil ɗinsa cewa ya natsu, amma ki tambayi kanki me ya fahimta a wata ukun nan. Uwarsa ta ɓace, gidansu ya ɓace, gadonsa da ƙofar da ya saba zama duk sun ɓace, yanzu kuma yayarsa da ta rage ita ma ta ɓace kuma ba wanda ya yi masa bayani.

Ina da tambaya gare ki da ban ga amsarta a saƙonki ba: an faɗa masa Mama ta rasu kuwa? Ina nufin an zaunar da shi an faɗa masa ƙarara da kalmomin da zai gane, ba "ta yi tafiya" ko "tana asibiti" ba. Sau da yawa 'yan'uwa don tausayi suke ɓoyewa, a kai shi gidan wani a lokacin rasuwar, ya dawo ya tarar ba ta nan shikenan. Farfesa Sheila Hollins, likitar ƙwaƙwalwa ce a Landan, ta yi bincike a kan wannan tun a shekarun 1990, kuma abin da ya fito shi ne masu wannan lalura suna jin zafin rashi sosai, sai dai yakan bayyana ta fushi da rashin barci da ƙin cin abinci da canjin hali, masu kula da su kuma sau da yawa ba sa haɗa canjin da mutuwar da aka yi, sai su ce halin lalurarsa ne. Wanda aka ce masa ta yi tafiya jiran dawowarta zai yi ta yi, kuma duk wanda ya fita ta ƙofar nan a wurinsa yana iya zama ya tafi kenan irin tafiyarta. Kinga kukan da yake miki ya samu fassara.

Abin da ya kamata a gyara ba zuwan ba ne, yadda ake rabuwa ne

A aikina abin da na fi gani yana tayar da hankalin mutum shi ne rashin sanin yaushe za a dawo. Ke kin san za ki dawo ranar Asabar, shi bai sani ba, kalmar "sati mai zuwa" ba lallai tana da ma'ana a kansa ba. Don haka zuwa na minti arba'in a rana ɗaya tsayayya kuma lokaci ɗaya duk sati ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan ki wuni guda da shi yau sannan a yi sati biyar ba a gan ki ba. In ba za ki iya duk sati ba ki zaɓi abin da kika tabbata za ki iya riƙewa ko da duk sati biyu ne, ki riƙe shi gam, saɓa alƙawari ɗaya yana rushe aikin wata guda.

Sannan a ba shi abin da zai gani da idonsa. Kalanda babba a bangon ɗakinsa da hotonki manne a kan ranar zuwanki, kullum da safe shi da ma'aikaci su soke rana ɗaya da biro, yana ganin sauran gidaje nawa kafin a kai ga hotonki. In hoto ba ya yi masa ma'ana sai a yi amfani da abu, misali ki bar masa wani ƙaramin abu naki da ya san naki ne ki ce ya ajiye miki sai kin zo karɓa. Akwai wani bawan Allah da na yi aiki da shi, ba ya magana sam, duk yamma zai sa takalmi ya tsaya bakin get har a kira sallar isha'i ana jan sa yana tirjewa. Abin da ya sauya lamarin ba wani babban abu ba ne, yayansa ya fara barin masa hularsa ta aiki duk zuwa, ya ce riƙe min. Ya rataye ta a ƙusa kusa da gadonsa, ranar zuwa kawai yake saukar da ita ya je get da ita a hannu, sauran ranakun ya bar tsayuwar. Ba rana ɗaya abin ya faru ba, an ɗau makonni, kuma akwai ranakun da ya koma gidan jiya.

Abu ɗaya da nake roƙonki, kar ki taɓa sulalewa ki gudu lokacin da hankalinsa ya ɗauku wani wuri. Na san ma'aikata kan ce "yi maza ki fita yanzu bai gani ba", kuma a ranar yana rage hayaniya, amma abin da yake koya masa shi ne ko kina zaune kusa da shi kina iya ɓacewa kowane lokaci, sai ya koma ba ya ma jin daɗin zaman, yana riƙe da mayafinki tun shigowarki. Ki yi sallama iri ɗaya kullum, kalmomi iri ɗaya, ki nuna masa kalandar, ki tafi ba tare da komowa sau uku ba ko da yana kuka. Kuma a shirya abin da zai shiga yi nan take da ma'aikacin da ya fi sabawa da shi, ba a bar shi tsaye a ƙofa yana kallon bayanki ba. Tsakanin ziyara kuma kiran bidiyo na minti biyar a lokaci tsayayye, ko saƙon murya da za a kunna masa kafin barci, duk suna taimakawa, wasu dai kiran bidiyon yana ruɗa su don suna ganin mutum ba sa iya taɓa shi, sai an gwada a gani.

Cizon hannun kuma kar a wuce shi da "ai haka yake yi". A rubuta yaushe yake yi, me ya faru kafin nan, me aka yi masa bayan nan, na sati biyu ko uku, za ki sha mamakin abin da takardar za ta nuna, wani lokacin sai a ga yana yi har a ranakun da ba ki zo ba. Kuma likita ya duba shi daga sama har ƙasa, haƙori, kunne, ciki, bayan gida. Akwai matsalar da ta yi katutu a fannin nan, duk abin da mai wannan lalura ya yi sai a jingina shi ga lalurar a manta shi ma yana ciwon haƙori kamar kowa. Na ga wadda aka yi wata da watanni ana rubuta mata "tsaurin kai wajen cin abinci", ƙanwarta ce da ta zo ta zauna ta kalle ta tana ci ta ce ai gefe ɗaya take taunawa, da ba haka take ba, aka duba aka samu haƙori ya ruɓe har ya yi ƙurji. In kuma aka kawo miki maganar a sa shi a maganin kwantar da hankali saboda kukan, ki tambaya wace cuta aka gano da ake maganinta, na tsawon wane lokaci, wa zai sake dubawa. Yawan ɗura wa masu wannan lalura irin magungunan nan ba tare da cutar da ta wajabta ba ya kai har hukumar lafiya ta Ingila ta ƙaddamar da shiri na musamman a 2016 don rage shi. Ban ce ki hana magani ba, ni ba likitansa ba ce, tambaya dai haƙƙinki ce.

Akwai kuma dalilin da ba a cika son faɗa ba. Zuwan dangi kariya ne. Willowbrook, wata cibiyar kula da masu irin wannan lalura a New York, an gina ta don mutum 4,000, a tsakiyar shekarun 1960 mutum sama da 6,000 ne a ciki, sai da kyamarar talabijin ta shiga a 1972 duniya ta ga halin da suke ciki, ba a rufe ta ba sai 1987. In kin ce wannan tsohon zance ne, a 2011 BBC ta fallasa duka da azabtarwar da ake yi a Winterbourne View, wani asibitin masu irin wannan lalura kusa da Bristol a Ingila, wuri ƙarami na zamani mai rajista, kuma nesa da gidajen da yawa daga cikin mazauna wurin. Ba ina cewa gidan da ƙaninki yake haka yake ba, ban san shi ba. Amma duk inda aka rufe ƙofa aka ce 'yan'uwa su dakata, an cire idon da ba a biyansa albashi, kuma ke kaɗai ce za ki ga ya rame ko tafiyarsa ta canza don ke kika san yadda yake tun asali.

Yawon mota

Toh mu zo kan fitar. Ba laifi ba ce, shan iska ya fi zaman ɗaki. Amma ki tambaye su in an fita ina ake zuwa, ana sauka daga motar kuwa, wa yake magana da shi a can. Abin da na saba gani shi ne a kwashi mutum takwas a bas da ma'aikata biyu, a zaga gari, a tsaya wani fili a zauna rukuni guda, jama'a na wucewa suna kallonsu daga nesa, a dawo a rubuta "an shiga cikin al'umma". John O'Brien, wani masani ɗan Amurka, tun a shekarun 1980 ya raba abu biyu da ake cakuɗawa, kasancewar mutum a wuraren da jama'a suke, da kuma samun alaƙa ta gaske da jama'ar. Bas ɗin nan iyakarta ta farkon, in ma ta kai.

Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Ki lissafa mutanen da suka san sunan ƙaninki, waɗanda ba danginsa ba, ba a biyansu don su kula da shi, kuma ba mazauna gidan ba ne. In sati ya zagayo bai je wani wuri ba, akwai wanda zai ce ina wane yau? A gidaje da yawa in na yi wannan lissafin da ma'aikata sai a yi shiru, don amsar babu ce, ga mutum ya shekara goma a unguwa.

Kuma wannan ba alfarma ba ce ake roƙa. Tun 1959 Denmak ta sa a dokarta, ta hannun wani jami'in gwamnati Niels Erik Bank-Mikkelsen, cewa a bar masu wannan lalura su yi rayuwa mafi kusa da ta kowa, Bengt Nirje na Suwidin ya faɗaɗa bayanin a 1969, wato mutum ya tashi da safe ya fita wani wuri ya dawo, ranar hutu ta bambanta da ranar aiki, shekara ta kasance da lokutanta na murna kamar ta kowa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, sashe na 19 ya ce mutum yana da haƙƙin zama cikin al'umma da zaɓen inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, kuma a ba shi tallafin da zai hana a ware shi. Yadda kowace ƙasa ta mayar da wannan doka a gida ya bambanta, don haka ki nemi sanin ta inda kuke, amma ko ba komai kin san ba rigima kike nema ba in kin tambaya.

Yadda alaƙa take ƙulluwa kuwa ba wani sirri, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, mutane ɗaya, a yi ta maimaitawa, shi kaɗai da mai rakiya ɗaya ba rukuni ba, kuma ya kasance yana da abin yi a wurin. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan abin. Ki zauna ki tuna me yake so tun yana gida, me Mama take sa shi yi. Wani saurayi da muka yi aiki da shi ƙwallo ce rayuwarsa amma ba ya iya bugawa, sai aka samu masu atisaye a wani fili kusa, aka roƙi kocin ya bar shi ya riƙa jera robobin ruwa yana tattara ƙwallaye. Satin farko ba wanda ya kula shi, ma'aikaciyar da ke raka shi ta so ta haƙura. Muka ce ta ci gaba da kai shi amma ta ja baya ta zauna can gefe, ta daina amsa tambayar da aka yi masa, don muddin tana manne da shi da ita za a riƙa magana ba da shi ba. Bayan wasu watanni ya kwanta zazzaɓi bai je ba, sai ga biyu daga cikin 'yan wasan a ƙofar gidan suna tambaya ko lafiya. Naku zai iya zama wurin ibada, ko wurin aski ɗaya da zai riƙa zuwa maimakon a kira mai aski ya yi wa kowa a tsakar gida, ko shagon da zai riƙa sayen sabulunsa da kansa ya miƙa kuɗi ya karɓi canji ko da hakan zai ɗau minti goma.

Ba kullum ake dacewa ba fa. Akwai masu tsokana, akwai masu tausayin da ya fi tsokana ciwo, waɗanda za su yi masa magana kamar jariri, akwai kuma masu cutar irinsu ta kuɗi ko ta lalata, shi ya sa ja da bayan mai rakiya a hankali ake yinsa kuma ido na kai. Wasu kuma hayaniya da cunkoso suna gigita su, musamman in akwai lalurar otizim (wadda ke shafar yadda mutum yake mu'amala da mutane) a haɗe, irin wannan mutum biyu a wuri shiru sun ishe shi, ba sai an tura shi taro ba don a ce ya shiga jama'a.

Yadda za ki tunkari gidan

Ki nemi zama da shugaban gidan da ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinsa, ba a tsaye bakin ƙofa ba. Kar ki shiga da faɗa, ki fara da cewa kin san daren da kika zo yana yi musu wahala kuma kina so a rage wahalar tare. Ki kawo shawarar a gwada tsayayyar ziyara da kalanda da sallama iri ɗaya na sati shida zuwa takwas ana rubuta abin da ya biyo baya, sannan a sake zama a duba. Ki gaya musu tun yanzu satin farko da na biyu abin zai iya ƙaruwa kafin ya sauka, don kar a ce ai ga shi mun faɗa. Ki nemi a rubuta duk wannan cikin tsarin kula da shi, saboda ma'aikata a wannan aikin suna yawan canzawa, wanda kuka yi magana da shi yau wata shida ba lallai ki same shi ba. Shi ma ƙanin naki a zo da shi zaman ko da na minti goma ne, a tambaye shi da hotuna wa yake so ya gani, ina yake so ya je.

Kuma kar ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Zumunci a ƙafa yake, ki raba ƙafar, in akwai wani ɗan'uwa ko kawu ko tsohon maƙwabci da ya saba da shi a sa hotonsa shi ma a kalandar ko da sau ɗaya a wata ne, ranar da rashin lafiya ko tafiya ta hana ki zuwa ba zai zama duniya ta tashi ba. In da hali ki riƙa ɗauko shi ya wuni a gidanki lokaci-lokaci, a fara da 'yan awanni kafin a kai ga kwana.

Akwai lokacin da rage ziyara daidai ne, ba zan ɓoye miki ba. In shi da kansa ya nuna ba ya son ganin wani, yana ɓuya ko jikinsa na rawa in mutumin ya shigo, a saurare shi ko da ɗan'uwa ne na jini, kuma a binciki dalili. In cizon ya kai ga rauni mai tsanani, za a iya gajarta ziyarar ko a canza wurin da ake yinta na ɗan lokaci kafin ƙwararre ya duba shi. Ni ban ga ƙaninki ba, ban ga gidan ba, abin da kika rubuto kawai nake da shi, don haka masanin halayyar ɗan'adam ko likitan da zai zauna da shi ido da ido ya fi ni hurumin yanke hukunci a kan cizon. Amma a abin da kika bayyana, mutum ne da yake murna da zuwanki yake kuka da tafiyarki, wannan ba ya cikin waɗanda ake rage wa ziyara. In kuma kin kawo duk wannan cikin lalama gidan suka dage sai dai ki ɓace wata uku, ki nemi su ba ki dalilin a rubuce da sunan wanda ya yanke shawarar, ki kai wa hukumar da ke sa ido a kansu ko jami'in jin daɗin jama'a da ya san da zamansa a can, ki kuma fara tambayar wasu gidajen tun yanzu.